Kwalin Kifi na Ƙarshe Zuwa Lyon

Bari in faɗi wautata kafin Inna ta riga ni: ni ne na tura kwalin kifin banda ƙarƙashin kujera, daidai inda zafi ke fitowa a cikin motar bas. Mun tashi da asuba daga Belleville, unguwarmu a Paris, ni da Inna da Kawu, za mu Lyon, inda yayata za ta kare bincikenta na zama dokta a jami'ar da ke Bron. Al'adar nan ita ce, in ɗalibi ya gama, danginsa ke ciyar da malamai. Inna ta rantse sai sun ci shinkafa da miyar kifi.

Kwalin nan shi ne na ƙarshe a butik ɗin Kawu, wato shagonsa. Tun ba a haife ni ba yake sayo busasshen kifi daga gaɓar Senegal da Muritaniya, yana sayar wa mutanenmu a Paris. Bana kaya suka yi ta raguwa har suka tsaya, ga mai shago yana jiran ya ji ko Kawu zai sabunta haya. Ba shinkafa ta kai shi Lyon ba. So yake ya ji ko kifi zai dawo.

Ba mu kai rabin hanya ba wari ya cika motar. Wata tsohuwa ta toshe hancin karenta kafin nata. A wurin hutu direba ya buɗe duk ƙofofi cikin sanyi mai tsinke kunne, ni kuma na sayi shayin da kuɗinsa zai sayi akuya a Maraɗi, ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Gonaki tsirara, sama toka-toka. Kawu, mai surutun da ke ta da matattu, ya koma gefe shi kaɗai. Wayarsa yake kallo: mai aiko masa kaya ya turo hoton kwale-kwale a kife bisa rairayi.

Muka sauka a Saint-Fons wurin wata ƴar garinmu. Warin masana'antun unguwar ya sa kifinmu ya zama turare. Inna ta yi girki, washegari muka hau tiram, jirgin cikin gari, da tukwane.

Yaya ta tsaya gaban malamai tana nuna taswira mai ja da shuɗi. Ga abin da na kama. Iska ce ke bin gaɓar teku tana ture ruwan sama mai ɗumi, sai na ƙasa mai sanyi ya taso da abincin kifi. In iskar ta makara ko ta yi rauni, ko ruwan ya yi ɗumi da yawa, abincin ba ya tasowa. Kifi ya yi ƙaura arewa, masunta su dawo da raga wayam.

Da ta gama, shugaban malaman ya ce, “Akwai dokta a zauren nan mai tambaya?” Faɗa kawai ake yi, ba mai amsawa. Kawu ya ɗaga hannu. Don kunya na nutse cikin kujera har ina ganin Ostiraliya ta ɗaya gefen duniya.

“Alhaji, zauna!” in ji Inna. “Yaushe ka zama dokta?”

Ya miƙe abinsa, ya ce da Hausa, “Ɗiyata, na ga ja, na ga shuɗi. Kifin zai dawo, ko in mai da makulli?”

Yaya ta nemi izini, ta juyo.

“Kawu, wata shekara iska za ta yi kyau, a samu. Amma ba kamar da ba, kuma ba mai iya ce maka yaushe. Ɗan abin da ya rage ma, manyan jirage da masu niƙa shi abincin dabbobi sun riga ka.”

“To. Allah ya yi miki albarka.” Ya zauna.

An ba ta dokta, Inna ta yi guɗar da ta firgita mai gadi. Malamai suka cinye miya har suna share faranti da burodi. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi Kawu inda ake samun wannan kifi. Kawu ya nuna tukunyar ya ce, “Shi ke nan.” Shi ko loma bai kai baki ba.

Mun dawo Paris a irin motar da muka je, ba wari ko kaɗan, har na ji kewarsa. Abin da na koyo shi ne, iskar da ban taɓa ji ba, a tekun da ban taɓa gani ba, tana iya rufe ƙofa a layinmu.

Kawu ya mai da makulli. Yanzu waya ake gyarawa a shagon.