Tsohon da Ya Kawo Batir

A tashar Assakio akwai wani tsoho mai yagaggiyar kwat da ke tsayawa gaban teburin Baballe mai kaset. Waƙar coci guda yake jira, daidai inda wata siririyar muryar mace ke tashi ita kaɗai. Nan yake runtse ido, leɓensa na rawa, yana kiran "Doosuur." Ko sunan 'yarsa ce da ta rasu, Allah masani.

Baballe ya gane wurin. Da muryar ta taso, sai ya kashe.

"Baba, batir ya mutu!" 'Yan acaɓa su kwashe da dariya.

Yau tsohon ya zo da sabon batir, ya miƙa da hannu biyu. Baballe ya karɓa, ya sa, ya kunna kiɗan disko maimakon waƙar.