Ba Mai Goge Tsatsar Yaya Bitrus

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Bitrus, mai gyaran agogo a Anguwan Rukuba, kuma sai bana na yi faɗa saboda shi.

Yaya bai taɓa ganin teku ba. Iyakar ruwan da ya sani kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Amma da ya rufe shago sai ya duƙufa kan ƙera ɗan jirgin ruwa, irin mai nutsewa ƙarƙashin teku, yana kwaikwayon hotunan tsofaffin mujallu. Gangar jikin da katako da gwangwanin madara ya yi ta. Ƙananan abubuwan ne suka ci shekarunsa: kawunan ƙusa da yake ɗigawa da bakin allura, layin walda na siririyar waya, ƙofofi kamar ƙwayar wake, kuma suna buɗewa. Maƙwabta suka ce ga gemu ga wasan yara. Shi kuwa ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Aikinsa na ƙarshe tsatsa ce. Hannunsa ya riga ya fara rawa, amma haka ya riƙa kwaɓa jar ƙasa da fenti, yana jan ziri-ziri a ƙarƙashin kowane rami, daidai inda ruwa zai gangaro. Na ce yana ɓata abu mai kyau. Ya ce jirgin da bai yi tsatsa ba bai je ko'ina ba.

To, kun san halinmu gab da Kirsimeti: bango, ƙofa, har dutsen bakin hanya, komai sai ya sha fenti. Na je gidan Yaya na tarar da ɗansa Yakubu da gwangwanin shuɗin fenti mai sheƙi, har ya kankare gefe guda na jirgin wajen faɗin tafin hannu.

"Anti, jirgin ya yi datti," in ji shi. "Baƙi za su zo addu'an Baba, kunya ne."

Na san don ƙauna ya yi, amma garin neman gira ya kusa rasa ido. Raina ya ɓaci, na fizge buroshin, matarsa tana leƙowa ta taga.

Ina tunanin me Yaya zai ce da zamanin nan da ake son komai ya yi sumul kamar ba a taɓa shi ba. Na tabbata dariya zai yi, ya koma kan allurarsa. Ni ba ni da irin haƙurinsa.

Agogunan da ya gyara sun tsaya, shagon ya koma na sayar da katin waya. Abin da ya rage shi ne zirin nan da ke karkacewa a duk inda hannunsa ya yi rawa. Dangi sun ce na cika rigima. Su faɗa. Na naɗe jirgin da zanena, na shiga mota na ɗora shi a cinya har gidana a Bukuru, na biya kuɗin kujera biyu don kada a matse shi. Mai son ganin Bitrus ya zo gidana, amma ya bar buroshinsa a waje.