Yadda Na Koya wa Na'urar Alhaji Tashi

Soja ba su daɗe da komawa bariki ba Alhaji ya buɗe kafen intanet a Sabon Gari, ya ɗauke ni aikin buga takardu. Aminin marigayi mahaifina ne. Iyayensu tare suka taso daga ƙasar Yarabawa suka zauna a Fagge, don haka "'yata" yake ce mini. Ni kuwa abu ɗaya nake gudu a duniya, rumfar Iya a Kasuwar Singa. Iya ita ta haife ni, taliya da madara da sabulu take sayarwa katan-katan, kuma tun ina firamare ta ware mini benci kusa da nata. Ban raina sana'arta ba, da ita aka raine ni. Amma na tsani bencin nan, na kuma rantse a raina ba zan tsufa a kansa ba.

Lokacin kowa ya zama Honarabul. Wanda jiya yake sayar da atamfa a Kwari yau ya zo a buga masa fasta, gobe takardar neman kwangila. A ƙuryar kafen akwai wani ɗan ɗaki, a ciki aka ajiye uwar kwamfutocin, wadda duk sauran ke samun layi ta hanyarta. Ba ta da hoto, ba ta da linzamin dannawa irin na sauran, baƙin allo ne kawai da wani ɗan ɗigo yana ƙifta ido. Da an ɗauke wuta sai ta sume. Ko an tada janareta ba ta dawowa hayyacinta sai an tura ɗan acaɓa ya nemo injiniyan da ya haɗa ta. Kafin ya iso, ni da ke zaune bakin ƙofa ni ke shan zagin kwastomomi. In ya zo kuma sai ya kare allon da bayansa kamar mai cin tsire a gaban yara, ya yi ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya tafi yana hura hanci.

Haushinsa ne ya fara kai ni ɗakin. Ranar Juma'a, da maza sun watse zuwa masallaci, kafen yakan zama nawa ni kaɗai. Ran nan na tarar injiniyan ya manta bai kulle allon ba. Na zauna, na rubuta sallama. Ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Na rubuta sunana, nan ma ta ce ba ta san ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce to za ki san ni.

Shel ake kiran wurin da ake rubuta mata umarnin, a bakin injiniyan na tsinci sunan. A bakinsa kuma na tsinci ls, haruffa biyu da ke nuna maka abin da ke cikin ɗakin ajiyar na'urar da kake tsaye, da cd da ke kai ka wani ɗakin. Daga baya na faɗa kan man, wanda in ka haɗa shi da sunan umarni zai zazzago maka bayaninsa kaf. Turancin da tauri, ni kuma iyakata sakandare, amma na riƙa ciza ina haɗiyewa. Na'urar ba ta da kara ko kaɗan. In ka bar tazara inda ba ta so, ko ka hana ta inda take so, sai ta noƙe, ba kuma za ta ce maka ga inda ka kuskure ba sai a dunƙule. Na zage ta da Hausa, na ƙara mata da Yarabanci. Duk da haka abu ɗaya ya sa na ƙaunace ta: ba ta taɓa tambayata 'yar wane ce ni ba, ko mace ce ko namiji. In na rubuta daidai ta yi, in ban rubuta ba ta ƙi.

Wani abin da ya taɓa ni shi ne bayanan nan. Mutanen da ban sani ba, a ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba, sun zauna sun rubuta duk abin da suka sani sun bar shi a buɗe ga duk wanda ya zo. Na ɗauka haka wannan sana'ar take, na kuma ɗauki kaina ɗaya daga cikinsu.

Da tafiya ta yi tafiya na gane abin da injiniyan ke ɓoyewa bai taka kara ya karya ba. A duba faifai, a haɗa layi, a ɗan jira, a buɗe wa sauran kwamfutocin hanya, a tada firinta, bi da bi. Sai na gano ana iya jera umarnin duka a fayil guda, a raɗa masa suna, in ka kira sunan ya yi su da kansa. Na sha wuya kafin ya tsaya da ƙafarsa. A saman kowane layi na yi bayani da Hausa, yadda ko wa ya buɗe zai gane. Na sa masa suna tashi. Ranar da aka ɗauke wuta, janareta ya kama, na rubuta kalmar nan ɗaya kafen duka ya farfaɗo, sai da na shiga banɗaki na yi rawa.

Da na ba Iya labari tana tsinke alayyahu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wa kika nuna wa?"

"Iya, ai ba abin ɓoyo ba ne. Su ma masu shi ba su ɓoye ba."

"Masu shi ba a Kano suke ba," in ji ta. "Kin taɓa ganin na kai kwastoma wurin dilana? Benci nake ba shi, in ba shi ruwan sanyi, in zaga ta lungu in kawo masa kaya. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ba ta san ƙofar da nake sari ba. Ki yi musu aikin, ki riƙe hanyar."

Na yi mata dariya. Na ce wannan ilimi ne, ba katan ɗin taliya ba.

Da na nuna wa Alhaji, ya ji daɗi sosai. Ya sallami injiniyan, ya riƙa nuna ni ga baƙi. Ana nan sai ya samu kwangilar zuba kwamfutoci a wasu makarantu, irin abin da a lokacin ake kira romon dimokuraɗiyya. Ya kira ni ofis ya ce, "'Yata, wannan ɓangaren naki ne. Amma ga ƙaninki ya gama jami'a, ki nuna masa yadda abin yake don ya riƙa taimaka miki." Ɗan nasa mutum ne mai ladabi, mai kai kuma, Anti yake ce mini. Na zaunar da shi na buɗe masa fayil ɗin daga sama har ƙasa, ina alfahari. Har inda na yi ta tuntuɓe na nuna masa, don kada shi ma ya faɗi a nan.

Abu ɗaya kawai bai samu ba, shi ma don ban riga na gano shi ba ne sai daga baya. In wuta ta yanke tashi yana tsakiyar aiki, yakan bar wani ɗan fayil mai shaida cewa yana kan aiki. In aka sake kiransa sai ya ga fayil ɗin ya ƙi motsi, sai an goge shi. Layi ɗaya ne gyaran. Na ce zan ƙara shi bayan an gama hidimar ƙaddamar da kwangilar.

Ranar ƙaddamarwar manya suka cika kafen da babbar riga da turare. Ni aka sa raba lemo. Alhaji ya sa aka kashe komai, ɗansa ya zauna ya rubuta tashi, allunan suka kama ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki tafi. Wani Honarabul ya tambayi wa ya ƙirƙiro wannan. Alhaji ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce, "Ai amfanin kai yaro jami'a ke nan." Ɗan ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina tsaye da tire a hannu, wani na miƙo mini kwalba in buɗe masa.

Bayan bikin Alhaji bai kore ni da faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi yawon makarantu ba na 'ya mace ba ne, buga takarda kuma yanzu kowa ya iya, ga Iya ƙafa ta fara damunta. "Ki je ki taimaka mata, Allah ya yi miki albarka." Har da addu'a. Na ce amin, don ba a mayar wa aminin uba magana, na fito.

Damina ta kusa ƙarewa ina kan bencin nan sai ga ɗan Alhaji a Singa, yana tsallake kwata da takalminsa mai sheƙi. Ya durƙusa ya gaida Iya, sannan ya juyo gare ni.

"Anti, don Allah wata matsala ce. Tashi ya tsaya a wasu makarantun. Sai ya ce wai yana kan aiki, alhali ba abin da yake yi. Ko kin san abin da ke kawo haka?"

Na sani. Sunan fayil ɗin da inda yake kwance suna kan harshena, yatsuna har sun fara motsi a kan cinyata. Na san ko ban faɗa ba zai gano da kansa, ba daƙiƙi ba ne. Na san kuma akwai ɗalibai zaune gaban allunan da suka mutu, wataƙila da wata a cikinsu irina. Na dubi Iya, tana ɗaure leda kamar ba ta ji ba.

"Wallahi ƙanina, ni yanzu sai taliya da madara," na ce. "Zauna mana, in kawo maka ruwan sanyi."

Ya sha, ya yi godiya, ya tafi. Iya ta bi shi da kallo har ya ɓace cikin masu baro. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta ciro makullin sito ta ajiye mini a cinya.

"Gobe da safe ki shirya," ta ce. "Zan kai ki wurin dilana."