Ranar Da Na Tsame Na'urar 'Yata Daga Rijiya

Akwai wata damina da ba na jin zan manta da ita muddin ina raye, ita ce daminar da na kusa jawo wa 'yata asarar karatunta, alhali ni a ganina taimako nake yi.

'Yar farina ce, saboda haka ba na kiran sunanta, ba ma kuma doguwar hira. Tana digiri na biyu a Kano sai ta samu tallafin bincike daga wata ƙungiya. A bayan labule na ji tana yi wa babanta bayani: idan kogin Haɗeja ya cika, ruwa yakan taso ta ƙarƙashin ƙasa ya jiƙa tushen gini har gidaje su zube. Ita kuma za ta saka na'urori a rijiyoyi, su riƙa aika mata labarin tasowar ruwan, don a gargaɗi mutane ta waya tun da wuri. Na so in tambaya yadda ƙarfe zai yi magana da mutumin da ke Kano, kunya ta hana ni. Ranar da aka zo sakawa a rijiyarmu ma ina ɗaki.

Ana tsakiyar ruwan Agusta, maigida ya tafi fadama wajen Kirikasamma don ceto shinkafarsa. Da safe gugana ya sarƙe da wata igiyar wuta. Na jawo, sai ga wani abu kamar tocila, sharkaf, har da gansakuka. Na tuna wayata da ta faɗa baho ta mutu nan take. Na ce innalillahi, kayan mutane ya faɗa ruwa! Na goge shi da zani, na binne a kwanon shinkafa kamar yadda ake yi wa waya, na ajiye a inuwa kusa da rijiyar, na rufe da faifai. Igiyarsa ban taɓa ba.

Kwana uku sai ga kiranta.

"Umma, rijiyarmu ta ƙafe ne?"

"Ƙafewa kuma? Ruwan da saura kaɗan a ɗiba da hannu?"

"To kwamfuta ta ce babu ko ɗigo."

Kaina ya ɗaure. Wallahi ban haɗa zancen da kwanon shinkafa ba. Ni tunanina, ta yaya kwamfutar da ba ta taɓa zuwa gidanmu ba za ta ƙaryata idona? Na ce ta dage da addu'a, muka yi sallama.

Kwana na tara ta zo da kanta, duk ta faɗa. Malaminta ya ce idan na'urar ƙarya take yi, masu tallafin ba za su ci gaba ba, binciken ya tsaya ke nan. Ta nufi rijiya, ta bi igiyar da hannu har bakin faifai, ta ɗaga.

"Umma, wa ya sa ta a shinkafa?"

"Ni ce. Ai jiƙewa ta yi."

Ta zauna a kan turmi, tana dariya tana hawaye. "Umma, jiƙewar ai ita ce aikinta." Ni kuwa ban san ko haƙuri zan bayar ba ko dariyar zan taya ta.

Da ta ce bayanan kwana tara sun tafi, sai na ɗauko igiyar gugana. Ƙulli-ƙulli ne da ita, kuma kullum na san ƙullin da ke tsayawa a bakin rijiya idan guga ya taɓa ruwa. Na nuna mata na ranar kasuwa, na ranar Juma'a, da na safiyar da katangar maƙwabta ta faɗi. Ta auna, ta rubuta, ta haɗa da hoton kwanon ta aika wa masu tallafin. Ranar ce muka fara hira mai tsawo. Bayan sati biyu suka amsa cewa ta ci gaba.

Har yau ban gane yadda abin nan yake magana da Kano ba. Abin da na gane shi ne, tausayi idan babu tambaya yakan yi ɓarna. Kunyar 'yar fari tana nan, har gobe ba na kiran sunanta, amma yanzu ko allura ta ajiye a gidan nan, sai na ce, "Ke, wannan mene ne aikinsa?"