Ranar da Anti Aka Ta Ce "Ni"

A gidan wankin da ke bayan tashar mota, inda otal-otal da asibitoci ke kai zannuwan gadonsu, Anti Aka ake ce mata, kuma bakinta ne ya jawo mata sunan. Shekara goma sha huɗu tana shugabantar masu wanki da guga, amma ba a taɓa jin ta ce "na yi" ba, kullum sai "an yi" da "aka yi". Inji ya tsaya, ta naɗe hannun riga ta tashe shi, in ka tambaye ta sai ta ce, "Ai an gyara." Wa ya gyara? Sai dai ka tambayi aljanu.

Burinta ɗaya ne, ta shiga makarantar koyon kasuwanci, ta san abin da masu kamfani suka sani. Makarantar tana ba ma'aikata gurbin karatu kyauta, amma sau biyu kacal ake yarda mutum ya nema. Na farko ya riga ya tafi a banza. A jarrabawar shiga, lokaci ya ƙare tana tsakiyar takarda. Bayanin da ta rubuta game da aikinta kuwa, amsar da aka ba ta gajeriya ce: ba su ga abin da ita kanta ta yi ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi sati ba ta son magana.

Saura dama ɗaya, sai ta sauke girman kai ta tafi wurin ƙanwarta, malamar lissafi mai bakin tsiya. Ƙanwar ta zaunar da ita a teburin cin abinci, ta ba ta tambayoyin gwaji, ta ajiye agogo a gabanta. Anti Aka ta kafe a tambaya ta shida har minti goma sha biyu, tana cizon biro.

"Yaya," in ji ƙanwar, "in tabo ya ƙi fita a zani, tsayawa kike a kansa har a tashi aiki?"

"Haba, hauka nake? Jiƙa shi nake in wuce, daga baya in dawo."

"To don Allah jiƙa tambayar nan."

Shi ke nan. Wata huɗu tana gwaji a motar zuwa aiki da lokacin hutun rana, littafi a kan kwandon tawul, tururi yana lanƙwasa shafukan. Ranar jarrabawa ta jiƙa tambaya biyar, ta dawo ta wanke huɗu tas. Makinta ya wuce abin da ake nema.

Rigimar tana wurin bayanin aiki. Ta rubuta labarin shekarar da zannuwan otal suka yi ta cakuɗewa da na asibiti, har manyan abokan ciniki uku suka yi shirin tafiya. "Sai aka kawo dabara," ta rubuta, "aka ɗinka zare mai launi a kusurwar kowane zani, aka ba kowane gida launinsa." Ƙanwar ta ɗauki jan biro ta bi kowane "aka" tana zagaye shi, har takardar ta koma kamar mai ƙyanda.

"Wannan Malam Aka ɗin gwani ne," ta ce. "Shi za su ɗauka, ke ki zauna gida."

"Baba bai koya mana yabon kai ba."

"Ƙarya ma bai koya mana ba, Yaya. Wa ya sayo zaren?"

Anti Aka ta dubi takardar. Ita ta sayo shi. Ita ta zauna a keken ɗinki kwana uku, ita ta yi ta fama da mai gidan wankin har ya yarda. Ta sake rubutawa sau bakwai, duk "na" ɗin da ta sa sai ta ji kunya ta kama ta kamar ta yi sata.

Ranar ganawa a makarantar, mutum uku ne a bayan dogon tebur. Wata malama mai tabarau ta ɗaga takardar ta ce, "Ki ba mu labarin zaren nan da bakinki."

"To, da aka ga..." Ta tsaya. Ta buɗe jaka ta fito da guntun zani mai shuɗin zare a kusurwa, ta ajiye musu. "Da na ga za mu rasa su, ni na zauna na yi tunani. Ni na ɗinka wannan. Tun daga ranar, zani ko ɗaya bai sake ɓata a hannuna ba." Daga nan bakinta ya buɗe, sai da malamar ta duba agogo tana murmushi.

Saƙon makarantar ya shigo wayarta da hantsi, injuna suna ta ruri. Ta karanta, ta sake karantawa, daɗi ya rufe ta. Wata tsohuwar mai guga ta ajiye dutsen gugarta ta ɗaga murya, "Anti Aka, yaya? An ci?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta yi magana yadda har na bakin ƙofa zai ji.

"Ba 'an' ba, Inna. Ni na ci!"

Ihun da aka yi sai da ya danne ƙarar injunan.