Lambar da Alhaji Sale ya kasa kai wa ƙarshenta

Har gobe ban manta da ranar da aka kai ƙarata wurin shugaban makaranta ba, a wata sakandaren maza da ke Daura, shekarun farkon kafa shari'ar Musulunci. Lokacin ina sabon malamin lissafi, ba a tabbatar da ni a aiki ba. Ku da kuka zo daga baya ku sani: ƙorafin iyaye guda, in ya kai ofishin shiyya, ya isa a sallami wanda ke matakin gwaji.

Laifina kuwa na gaya wa ɗalibai cewa lambobi ba su da iyaka. Alhaji Sale, dillalin tumaki, ɗansa da ke ajina ya kai masa labari. Ya zo a fusace, wai Allah kaɗai ne marar iyaka, ni kuma ina koya wa yara shirka. Na fara zuba bayanin littafi, shi kuwa sai ƙara hawa yake.

Sai shugaban sashenmu, Malam Hamisu, dattijo mai sanyin magana, ya nemi izini. Bai kare ni ba, bai musa wa Alhaji ba. Ya ce masa kawai ya faɗi lambar da ta fi kowace girma.

Alhaji ya ce, "Dubu malala gashin tinkiya."

"To Alhaji, in tinkiyar ta tsiro da gashi guda kuma fa?"

Alhaji ya ce ai an ƙara ɗaya. Malam ya ce to waccan ba ita ce babbar ba ke nan, ya faɗi wata. Ya faɗa, aka sake ƙara ɗaya. Ana cikin haka shugaban makaranta ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Malam Hamisu ya ce abin da malamin nan ya koyar ke nan: duk inda ɗan Adam ya tsaya da ƙirga, akwai gaba. Ba wata halitta muka gano ba, gajiyarmu muka rubuta.

Alhaji ya dube ni. "Malam, ashe iyakarmu kake nuna musu. Me ya hana ka faɗi haka tun farko?"

Ni ma ranar na gane abin da nake koyarwa. Ƙorafin bai bar ofishin ba. Na yi shekaru ina wannan darasi, kuma ban sake fara shi da allo ba. Da tinkiyar Alhaji nake farawa.