Takarda a Gidan Tabarau

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ran matar tsohon ministan lafiya, wadda matan gari ke kira Anti, bayan jinyar wata biyar.

Anti, shekara goma sha bakwai ina zuwa gidanki duk Litinin da Alhamis ina biya miki karatun Alƙur'ani. Na same ki kina tuntuɓe a ƙananan surori, na rabu da ke kin sauke sau uku. In na tsananta wajen gyaran harafi sai ki ce, "Malama, a tausaya, harshen nan a jawabin buɗe taro ya tsufa."

Ba ki taɓa riƙe muƙami ba, amma layin barandarki ya fi na ofishin maigidanki tsawo. Kuma ba kya yi masa maganar aiki, don tun farko ya hana. Sai ki yanki 'yar takarda, ki rubuta suna ɗaya da buƙatar mai shi, ki ninke, ki sa a gidan tabaraunsa kafin ya fita. Ba ya iya karanta ko layi ɗaya a ofis sai ya buɗe gidan nan. Suna ɗaya a mako, ba kya ƙarawa. Ta haka ɗakin haihuwar bayan tashar jirgi ya sami injin wuta. Ta haka aka dawo da wata nas kusa da mahaifiyarta mai shanyewar jiki. Da aka tura shi jakada ma ba ki fasa ba. Akwai 'yar aikin da iyayen gidanta suka ƙwace wa fasfo a can, takardarki ta dawo da ita gida, yau tana cikin 'ya'yanta.

Ni sau ɗaya na roƙe ki. Babbar 'yata ta rubuta jarrabawar makarantar ungozoma, gurbi goma sha biyu ne, ta zo ta goma sha uku. Na yi kwana uku ina juya maganar, sannan na faɗa miki bayan mun rufe Alƙur'ani. Kika rubuta. Sati bai zagayo ba sunanta ya fito. Na yi godiya, ban tambayi yadda aka yi ba, ke ma ba ki tambaya ba.

Bara tsohon sakataren ma'aikatar ya zo gaishe ki, yana ba da labarin da cikin raha. Ya ce, "Ranki ya daɗe, takardunki sun ba mu wuya. Shekarar 'yar Malama ai sai da muka soke ta sha biyu." Yana dariya, ke ba ki yi ba. Da ya fita kika ce da ni, "Ashe ba kujera aka ƙara ba, mutum aka tayar." Daga ranar ba ki ƙara ba ni labarin injin wuta ba. Da ciwo ya kwantar da ke, kika riƙe hannuna a asibiti kika ce in nemo yarinyar da aka soke, ko ina take.

Na yi jinkiri, Anti, kuma ba duka jinkirin ne na wahalar nema ba. Sai bayan rasuwarki da kwana huɗu na same ta. Tela ce yanzu, a wani ɗan shago daura da asibitin gari, tana ɗinka wa nas-nas fararen kaya. Ta saurare ni har ƙarshe, ƙafarta a kan keke. Ta ce, "Malama, da idona na ga sunana a allo ran Laraba, ran Asabar na koma da mahaifina babu shi. Har ya rasu yana zaton ƙarya na yi masa." Sannan ta ce tunda kin tuna da ita a gadon asibiti, ta yafe miki duniya da lahira. Sai ta tambaye ni, "'Yar wa aka sa a wurina?" Na faɗa mata. Ta gyara zaman yadin, ta ci gaba da ɗinki. A kaina ba ta ce komai ba. Zan koma ranar Alhamis, lokacin da na saba zuwa wurinki, tare da 'yata.

Na rubuta wannan ne da izinin maigidanki, don matan da ke zaune inda kika zauna su ji, mu masu bin layi ma mu ji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki da abin da kika karanta, Ya karɓi alherinki, Ya shafe abin da kika yi bisa rashin sani. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki huɗu da jikoki, Allah Ya ba su haƙuri. Mu da sauran haƙƙin mutane ke wuyanmu, Allah Ya ba mu ikon saukewa tun muna iya takawa da ƙafarmu. Amin.